Littafin Timir a Ɗakin Thakur

Shekara talatin da huɗu uwata ta yi tana yi wa littafin 'yan gurguzu ibada ba ta sani ba. Ni na sani. Kowace safiya sai ta yi wanka, ta ɗaura farin sarinta, ta hau bene zuwa ɗakin Thakur, ubangijin gidanmu, ɗan gunkin tagulla da bai fi tafin hannu ba. Ta yayyafa masa ruwan kogin Ganga, ta kaɗa ƙararrawa, sannan ta ɗiga kwaɓin garin itacen sandal mai ƙamshi a kan wani littafi da ke naɗe cikin jan ƙyalle a gindin ƙafafunsa, ta ɗora fure, ta kai goshi ƙasa. Ni kuwa ina ƙasa ina hura wuta ina jin ƙararrawar. Wata rana dariya ta zo mini, wata rana kuka. Daga baya duk suka daina zuwa.

Littafin na yayana ne, Timir, wanda nake kira Dada. Lokacin ina 'yar shekara goma sha bakwai, samarin unguwarmu ta Shibpur duk sun haukace a kan littattafan Rasha da aka juya zuwa Bangla, yarenmu. A Mosko ake buga su a kawo, takarda fara sol mai kauri, bango mai ƙarfi, kuma kuɗinsu bai kai na kilo ɗaya na shinkafa ba. Wasu 'yan garinmu ne da ke zaune can cikin sanyi suke fassarawa, sai ka ji leburan masana'antar gilashi a ƙasar dusar ƙanƙara yana zagin ubangidansa da irin zagin masu turin kura na bakin gadar Howrah. Abin da ya kama su ke nan. Ba wanda ya taɓa ganin dusar ƙanƙara a cikinsu, ba wanda ke iya faɗin sunayen mutanen littafin bai ciji harshe ba, amma zagin sun gane shi, yunwar ma sun gane ta. Sukan taru a rumfar bayan masaƙar algarara, Haradhan Pal, wanda muke kira Haru-da don ya ɗan girme su, ya miƙe ya karanta musu da ƙarfi yana naushin iska. Ni ba a barina in zauna. Shayi nake kai musu, sai in yi ta jan ƙafa wajen kwashe kofuna don in tsinci shafi ɗaya ko biyu.

Da abu ya yi zafi a shekarar saba'in da ɗaya 'yan sanda suka fara bin gida-gida suna farautar 'yan gurguzu, littafi ɗaya irin wannan ya isa a tafi da mutum. Masu hankali suka ƙone nasu. Timir ya ce shi ba ya ƙona littafi. Ya kai shi wurin wani mai ɗinkin littattafai, aka cire bangon aka sa masa na littafin addu'o'i. Sannan ya kawo mini tsohuwar tutar jam'iyya, ya ce in yanke inda babu zane in ɗinka wa littafin riga. Jan yadin da ake tuta da shi, shi ne dai wanda ake naɗe littattafan ibada da shi, a shago ɗaya ake sayensu. Na ɗinka har da igiyar ɗaurewa, ina jin kaina wata gagarumar 'yar juyin juya hali.

Ranar da zai tafi, da hantsi, ya hau ɗakin Thakur, ɗakin da rabonsa da shiga tun yana ɗan shekara sha biyar, lokacin da ya gaya wa Ma, uwarmu, cewa tagulla ba ta jin magana. Ya san masu bincike ba sa tsayawa cire takalmi, kuma ko mugun cikinsu ba ya shiga irin ɗakin nan da takalmi. Yana durƙushe yana tura littafin gindin gunkin sai Ma ta shigo. Ya juya ya taɓa ƙafafunta ya ce, "Ma, ki riƙe mini wannan. Kada kowa ya buɗe shi sai na dawo." Ya ci shinkafa da miyar wake a tsaye ya fita. Daga nan ya yi ɓatan dabo. Wasu sun ce sun gan shi a bayan motar 'yan sanda, wasu sun ce kogi aka jefa shi. Ba gawa, ba wasiƙa.

Ma ba ta iya karatu ba, ko sunanta ba ta ganewa a takarda. Abin da idonta ya gani shi ne kangararren ɗanta a durƙushe gaban Thakur da littafin ibada a hannu. Duk wanda ya zo jaje sai ta ce, "Timu ya dawo hanya kafin ya tafi. Da idona na gani." Da wannan ta iya haɗiyar abinci, da wannan ta iya runtsawa. Ina 'yar sha bakwai, ta ina zan fara ce mata ba haka ba ne? Na ce bari ya dawo ya faɗa mata da bakinsa mu sha dariya. Da shekara ta zagayo na ce bari ta ɗan warware. Haka na yi ta bari har furfura ta fito mini.

Shirun nan ni ya ci. Babanmu ya rasu bayan shekara biyu, na samu koyarwa a firamaren 'yan mata, na ɗauki gida a ka. Sau biyu aka zo neman aurena, sau biyu Ma ta ce, "In kin tafi wa zai buɗe wa Timu ƙofa? Kunnena ya yi nauyi." Har yau Khuki take kirana, wato 'yar yarinya, ni mai shekara hamsin da ɗaya da ciwon gwiwa. In na sayo kifi, kan kifin sai ta sa a faranti ta rufe ko zai shigo, ya kwana ya yi tsami a ba mage. Ni wutsiya ce rabona. Kuma tunda ba na hawa in kai goshi ƙasa, ni ce marar addinin gidan, shi kuwa wanda ya koya mini rashin addinin ya zama waliyyi. Ina son yayana, amma akwai shekarun da na tsane shi, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Ana nan sai Haru-da ya fara zuwa gaishe da Ma. Haru-da na yanzu ba ya naushin iska. Ya yi kansila sau biyu, ya ajiye tumbi, kowane yatsa da zoben da mai duba ya ce zai kwantar masa da wata tauraruwa. Shi ne shugaban kwamitin bikin ibada na unguwa, kuma duk tsohon gidan da ya faɗi a layinmu, benen da ya tashi a wurin nasa ne. Yakan zo da kwalin alewar madara, ya taɓa ƙafafun Ma, ya zauna yana kiranta "Mashima" kamar 'yar'uwar uwarsa ce ciki ɗaya. Na san ba banza ba, amma ban san ta inda zai ɓullo ba.

Wata Lahadi ina tsince shinkafa a baranda Ma ta ce, "Khuki, zan rubuta wa Thakur gidan nan."

Na san abin da take nufi. In aka rubuta wa ubangijin gida gida, ya zama nasa har abada, ba gado, ba rabo. Sai a naɗa mai kula, shi ke riƙe makulli, shi ke cewa wane ya zauna wane ya tashi. Thakur kuwa bai taɓa yi wa mai kula da shi musu ba.

Na ce, "Wa zai kula?"

"Kwamitin Haru. Za su gina wa Thakur babban ɗaki a ƙasa, a sa littafin Timu cikin gilashi, a sassaƙa sunansa a dutse. Abin da yaron nan yake so ke nan, shi ya sa ya kai littafin can."

"Ni fa, Ma?"

"Ke me? An rubuta za ki zauna a ɗakin ƙasa muddin ranki, ki riƙa yi wa Thakur hidima. In ba ki yi don Ubangiji ba kya yi don wurin kwana."

"Wato in zama 'yar shara a gidan ubana."

"Gidan ubanki? Da ke namiji ce da sai ki faɗi haka. Mai gidan ya fita ne, bai dawo ba tukuna."

Na ci gaba da tsintar shinkafa, amma ban ƙara ganin tsakuwa ko ɗaya ba.

Washegari daga makaranta na bi ta ofishin Haru-da. Hoton ubangijin dukiya a bango, 'yar jar tuta a kan tebur, duk wanda ya shigo ya ga nasa.

Na ce, "Haru-da, ka san abin da ke cikin ƙyallen nan."

Ya yi murmushi yana murza zobe. "Khuki, zauna mana. A kawo shayi?"

"Shayinku da na yi ta ɗauka ya ishe ni. Kai ka karanta mana shi a bayan masaƙa. Kai ka raka Dada wurin mai ɗinki."

"Yarinta ke nan, wa bai yi ba? Tsohuwa ta samu abin da ke sanyaya mata rai, ke kuma kina so ki tono. Shekara talatin da huɗu kin ja baki kin tsuke, sai yau da aka taɓa bulo da siminti gaskiya ta motsa miki?"

Maganar ta soke ni, domin bai yi ƙarya ba. Na tsaya ina kallon fankar sama.

Ya ce, "Ranar Alhamis lauya zai zo. Ki saya wa Mashima sabon sari, ranar farin ciki ce. Ke ma ki saki fuska, ba wanda zai taɓa miki ɗakinki. Ai ke ƙanwar Timir ce, ƙanwarmu ce duka."

Ranar Talata ban koma gida kai tsaye ba. Na haye gada na tafi kasuwar littattafai ta College Street, ni kaina ban san me na je nema ba. A wata rumfa na ga littafin, sabon bugu, an naɗe shi da leda, an liƙa masa rupi ɗari huɗu da hamsin. Na tambayi mai rumfar su wa ke saye.

Ya kira ni Didi, wato yaya, ya ce, "Masu sabon gida. In an kafa kanta a falo sai a nemi abin cike ta, littafi mai jan bango kuwa yana haska ɗaki. In tsohon bugun Mosko ne da ke, kawo, ina da attajirin da ke saye, ba ya ko tayawa."

Na ce ba ni da shi. A bas ina dawowa na yi ta saƙa da warwara. In na yi shiru, zan ƙare rayuwata ina wanke wa tagulla kwano a ƙarƙashin Haru-da, ranar da ya ga dama ya ce Thakur na bukatar ɗakina. In na yi magana, zan fizge wa tsohuwa 'yar shekara tamanin abu ɗaya tilo da take tsaye a kai. Na yi ta gaya wa kaina gaskiya ce hakkinta. Ƙarya nake yi. Gidan nake so, kuma ina so sau ɗaya a duniya ta san cewa waliyyinta bai fi ni ba.

Ranar Laraba da la'asar Haru-da ya zo tare da Purut-moshai, tsohon malamin da ke mana ibadar gida tun zamanin babana, don su duba kalandar taurari su fitar da sa'ar da ta dace a dangwala yatsa. Suna zaune a baranda, Ma a kan tabarma tsakaninsu, fuskar nan wasai. Ni dawowata ke nan daga makaranta, da sarin da na shiga bas da shi, ko ƙafa ban wanke ba. Na wuce su na hau bene.

Littafin ya yi nauyi fiye da yadda na tuna. Kwaɓin sandal na shekaru ya bushe a kansa ya zama kamar ƙanzo. Na sauko da shi a ƙirjina.

Ma ta ce, "Khuki, da kayan titi kika shiga ɗakin? Mayar da shi. Ya ce kada a buɗe."

"Ya ce sai ya dawo. Ma, ba zai dawo ba."

Ba a taɓa furta wannan a gidanmu ba. Ta dube ni baki sake. Na ja igiyar da na ɗinka da hannuna, ta tsinke don ta ruɓe. Wani ɓangare na zuciyata yana fatan in tarar gara ta cinye shi, kowa ya huta. Amma takardar Mosko ce. Gefenta ya yi rawaya, ruwa ya kumbura ta, kowane harafi kuwa yana nan daram.

Na miƙa wa Purut-moshai. "Karanta mata. Da kai ta yarda."

Ya buɗe farko, ya buɗe tsakiya, ya rufe a hankali. Ya ce, "Na baro tabarau a gida, 'yata."

"Da wane idon kake duba taurari yanzu?"

Ya sunkuyar da kai. Na karɓe, na buɗe inda aka fi naɗe kusurwa, na karanta da muryar da nake yi wa 'yan aji uku, yadda ko kurma zai ji. Wurin da leburori suka taru a ƙofar masana'anta cikin sanyi ne, wani ya hau kan ganga yana ce musu an ce su jira ladansu a sama, to a ba su ƙasa tukuna, sun yafe wa masu gida saman. Ya ce ubangijin da ke rataye a kusurwar ɗaki bai taɓa hura gilashi huhunsa ya ƙone ba, don haka kada ya sa musu baki.

Ma ta ce, "Tsaya. Wa ke wannan magana?"

"Wani lebura ne a Rasha."

"Da yarenmu?"

"Juya shi aka yi, Ma. Wani ya rubuta da nasu, wani ya mayar da namu."

"Don me?"

"Don irin su Dada su karanta."

Ta ce, "Wato mutum ya zauna, ya ɗauko wannan daga ƙarshen duniya, ya sa masa bakinmu, don ya shiga kunnen ɗana. Shi mutumin ba shi da uwa ne?"

Haru-da ya gyara murya. "Mashima, kada ki biye mata. Littattafai da yawa suna kama, wataƙila mai ɗinkin ne ya haɗa shafuka..."

 Na juya zuwa shafin da Haru-da ya fi so, inda leburorin ke rantsuwa ba za su koma bakin wuta ba, wanda yake maimaitawa a rumfa har sau uku jijiyar wuyansa ta tashi. Na karanta a hankali. Layi na biyu ban kai ƙarshe ba leɓensa ya fara motsi yana bina, shi kansa bai sani ba. Ma kuwa tun da kunnenta ya yi nauyi bakin mutane take kallo.

Ta ce, "Haru, bakinka yana bin nata. Ka san shi."

Na zata zai yi tsuru-tsuru. Ina, mutumin da ya ci zaɓe sau biyu. Ya haɗa hannuwa a ƙirji, zobba na ƙyalli, ya kashe murya. "Na san shi, Mashima. Duk mun san shi a lokacin, ɓata ne. Ni dai Thakur ya ja kwanana har na gane na tuba. Timir ne bai samu lokaci ba."

A nan na san na sha ƙasa. Ma ta yi ta shafa tabarma da tafin hannu. Can ta juya ga Purut-moshai.

"Furannina fa? Duk waɗannan shekarun, wa na ba?"

"Niyya ake dubawa," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Sai dai ɗakin yana bukatar tsarki. Kuma akwai kaffara."

Sai ta waiwayo ni. "Ke yaushe kika sani?"

Da na ce jiya, da ta yarda. Da na ce Haru-da ne ya gaya mini, da bai musa ba. Amma na gaji. Na ce, "Ni na ɗinka ƙyallen."

"Kullum kina ƙasa kina jin ƙararrawata."

"Ina ji."

"Kina dariya."

Gaskiya ta faɗa, a wasu ranakun na yi.

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta gyara lulluɓinta ta ce, "Da ina ba Thakur gidan nan ne don godiya. Yanzu fansa ce. Yaron nan ya tafi da wannan magana a bakinsa, ya mayar da ƙafar Thakur maɓoyar kaya, ban san a wane hali yake ba. In gida zai sassauta masa, a ba da gida. Haru, ka ce wa lauya ya goge inda aka sa sunanta. Hannun da ya ɗinka wa Thakur ƙarya ba zai wanke masa kwano ba."

"Haba Mashima, a yi haƙuri. Ina za ta je?" in ji Haru-da, idonsa na auna faɗin baranda.

"Muddin ina numfashi ta zauna, ai sai an tashe ni an kwantar. Bayan nan ku kuka sani."

Ranar Alhamis da ƙarfe goma da minti goma sha biyu, sa'ar da taurari suka yarda, lauya ya riƙe babban yatsanta ya danna a tawada ya danna a takarda, wuri uku. Aka raba alewa. Ni na wanke mata yatsan da lemun tsami bayan sun tafi, ba ta dube ni ba. Purut-moshai ya ce a jefa littafin a Ganga, Ma ta ce kada a ɓata kogi, aka ajiye shi a bakin ƙofa kusa da takalma. Na ɗauke shi na sa a jakar makaranta.

A ɗakin malamai na karanta shi, lokacin tara, tun daga farko har ƙarshe. Shi ne karon farko. Da can guntu-guntu na sani, abin da na tsinta tsakanin kofunan shayi. Abin haushin shi ne littafin yana da kyau. Wanda ya fassara shi ya san aikinsa, akwai wuraren da sai da na tashi na fita bakin famfo don kada malamai su ga idona. Na gane abin da ya fitar da Dada daga gida, kuma gane hakan bai rage mini komai ba.

Mako uku Ma ba ta ce mini ko ƙala ba sai "ruwa", "magani", "riƙe ni". Mutanen kwamiti suka fara zuwa da igiyar awo, suna cire takalmi a ƙofa cikin ladabi, suna auna ɗakina ina zaune a ciki. An tsarkake ɗakin Thakur, tana hawa kamar da, sai dai ta daina daɗewa.

Wata Lahadi da rana ina shafa mata man kwakwa a gashi a baranda, tana zaune tsakanin gwiwoyina ta ba ni baya, sai ta ce, "Khuki."

"Na'am, Ma."

"Kin karanta shi duka?"

"Na karanta."

"Wannan da ya hau ganga. Kama shi suka yi?"

"Sun kama shi. Sun kai shi wani wuri mai nisa."

"Ya koma gida?"

Na kai bakina kusa da kunnenta. "Ya koma, Ma. Bayan shekara goma sha ɗaya."

"Uwarsa na da rai?"

"Tana da rai. Ta makance, amma ta gane shi da tarinsa tun daga ƙofa."

"Ta ba shi abinci?"

"Ta ba shi. Ya ci a zaune."

Ta jinjina kai a hankali. Ta ce, "To. Tasu ta yi kyau."

Na ci gaba da tsefe gashin ina jira ta tambaye ni wanda ya riƙe makauniyar tsohuwa shekara goma sha ɗaya, wanda ya yi mata faskare a cikin sanyin nan, wanda ya kai ta bayan gida. Akwai ta a littafin. Ƙanwa ce. Sau biyu ta fito a cikin shafi ɗari huɗu, duka biyun tana ɗauke da bokitin ruwa, kuma marubucin bai ga ta cancanci suna ba. Na koma na duba da kyau, ko ni ce na tsallake.

Ma ba ta tambaya ba. Ta ce in sassauta hannu, ina ja mata gashi.